Tsintsiya a Gaban Tanki na Uku

Ranar da Manaja ya fara zancen ɓatan mai, Injiniya ba ta kawo kawunta a rai ba ko kaɗan. Sai da mai shara ta zo tana mitar tsintsiya sannan zuciyarta ta fara yi mata saƙe-saƙe.

Aikin da ake yi a wurin, wanda bai gani da idonsa ba cewa zai yi tatsuniya ce. Fili ne guda cike da farantan sola. Wutar da suke bayarwa da ita ake raba ruwa, ruwan nan dai na famfo, a fitar da wata iska mara nauyi da ake kira haidirojin, a matse ta a cikin dogayen tankuna huɗu da ke kwance ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ta ɗaya gefen kuma bututu ne ke kawo iskar kabon daga hayaƙin gidan simintin da ke maƙwabtaka da su. A haɗa biyun a wata tukunyar ƙarfe mai zafi, sai ga mai yana ɗiga, fari tas kamar ruwa, wanda inji zai sha ya tashi. Metanol ake ce masa. Mahaifiyar Injiniya har yau ba ta yarda ba. Cewa take yi akwai dai abin da suke zubawa a ɓoye.

Rumfar tankunan nan ita ce hannun Injiniya. Shekara takwas ta yi a gidan cika tukwanen gas na girki kafin a ɗauko ta, kuma ko tartsatsi ba a taɓa samu a ƙarƙashinta ba. Tana ji da wannan, kuma ba ta ɓoyewa.

Safiyar Litinin Manaja ya kira ta ofis. Mutum ne mai yawan murza biro idan ransa ya ɓaci, kuma ranar har biron yana ƙara.

"Sati uku ke nan man da ke fitowa bai kai yadda ya kamata ba," ya ce. "Wajen jarka biyu kullum. Rana tana nan, ruwa yana nan, hayaƙi yana nan. To ina man?"

"Mun duba tukunyar, ranka ya daɗe. Lafiyarta ƙalau."

"Iskar ba ta zurarewa a wajenki?"

"Da ta zurare da jiniya ta tashi. Hanci shida ne a rumfar nan." Hanci shi ne sunan da ma'aikata suka sa wa 'yan na'urorin da ke shinshinar iska su yi kuka idan wani wuri ya ɓule.

"To kin ga ke nan mai ba ya tafiya da ƙafarsa." Ya ajiye biron ya kalle ta. "Da kika kawo mini kawunki, ke da bakinki kika gaya mini abin da ya faru da shi a baya, na ce ba komai. Ban ce shi ne ba. Amma ranar Alhamis in ba ki kawo mini wani bayani ba, takardar sallamarsa zan rubuta, kuma zan rubuta dalili."

Ta fito fuskarta da zafi. Haushin Manaja ta ji, ta kuma ji haushin kanta da ba ta iya ce masa ƙarya ne ba.

Kawu yayan mahaifiyarta ne, mai ɗaurin bututu. Shi ya ɗauke ta bayan rasuwar babanta, shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke, yana tafe yana yi mata jarrabawar lissafi, in ta faɗi ya taka birki da gangan har goshinta ya bugi bayansa. Uwata yake ce mata, ko a gaban waye. Shekara goma sha tara da suka wuce aka kore shi daga wata ma'ajiyar mai, aka ce yana zuƙa yana sayarwa. Tun daga nan bai sake samun aiki na kirki ba, sai 'yan gyare-gyaren famfo gida-gida. A danginsu ba a zancen. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba, an dai lulluɓe an ci gaba da gaisawa. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Wata biyar da suka wuce ta samo masa gurbi a nan, kuma tun satin farko suka sami matsala. Tana tsaye da 'yan kwangila da ma'aikata tana bayani, sai ga Kawu ya duƙa yana leƙen wani hanci da ke maƙale a jikin ginshiƙi, daidai gwiwa.

"Uwata," ya ce da ƙarfi, "waɗannan hantunan ba su yi ƙasa da yawa ba kuwa?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Wani ya maimaita "Uwata" a hankali. Mace ɗaya tilo a cikin maza goma sha huɗu, wadda ta yi wata uku tana fama kafin su daina kiranta 'yan mata! Ai kuwa ta juyo.

"Kawu, nan ba tsakar gida ba ne. Injiniya ake ce mini. Kai dai ɗaure abin da aka ce ka ɗaure."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa. "To, Injiniya." Daga ranar bai sake kiranta da wancan sunan ba, ko a gida.

To, tana fitowa daga ofishin Manaja sai ga mai shara ta tare ta, hannu a ƙugu.

"Ni fa na gaji. Tsintsiya uku a sati biyu! Sabbi fil. Ga ruwan sabuluna ma kullum raguwa yake yi. Ko aljanu ne ke shara a gidan nan, su zo mu raba aikin."

"Wa kike gani yana shiga siton naki?"

"Ni ban ga kowa ba." Ta ɗan karkata kai wajen rumfar tankuna. "Amma mai gadi yana da ido, ba ni kaɗai ba."

Mai gadi kuwa kamar jira yake a taɓa shi. Ya ce duk hutun rana, in kowa ya tafi cin abinci, Baba mai bututu sai ya ɗauki wani dogon buhu ya zagaya bayan tankuna. Ya ce ba ya fitowa sai an kusa kaɗa ƙararrawa, kuma in ya fito sai ya waiga hagu ya waiga dama. Sannan ya ƙara da cewa shi fa bai ce komai ba.

Bayan tankunan nan akwai wani lungu, in ka bi shi ka ɓulle daidai famfon da ake ɗibar metanol. Injiniya ta san da haka.

Da yamma, bayan an tashi, ta zagaya lungun ita kaɗai. Ba ta ga jarka ba, ba ta ga tiyo ba. Amma a jikin ginshiƙi na ƙarshe, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ta ga rubutu da alli. Lambobi ne a jere, kowace rana da nata, sati biyu cif. Hannun Kawu ne, ta san yadda yake lanƙwasa bakwai ɗinsa tun tana aji biyu. A jikin wasu mahaɗan bututu kuma an ɗiɗɗiga alli, wasu an bari.

Zargi kuwa in ya shiga zuciya, duk abin da ya tarar sai ya mayar da shi shaida. Kafin ta kai bakin ƙofa ta gama haɗa labarin: lambobin abin da ake ɗiba ne kullum, tsintsiyar ta share sawun ƙafa ce, sabulun na wanke hannu da jarka ne kada a ji wari. Komai ya zauna daram. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta ce me mai satar mai zai yi da rubuta satarsa a bango ba.

Ranar Talata ta biya wajen Mama. Ta tarar da ita tana tsince shinkafa a faranti, rediyo yana ta surutu shi kaɗai. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ciwon ƙafa, ta tambayi maƙwabta, sannan ta ce, "Mama, wai zancen Kawu na ma'ajiyar man nan, me ya faru ne takamaimai?"

Hannun Mama ya tsaya a cikin shinkafar.

"Me ya kawo wannan?"

"Tambaya ce kawai."

"Ke ba ki tambaya kawai. Tun kina ƙarama in kin ce tambaya ce kawai, to kin riga kin fasa kofin." Ta ci gaba da tsintar. "An ce ya yi. Ya dawo gida ya kwana uku bai fita ba. Shi ke nan."

"Ke kin tambaye shi?"

"Yayana ne. Da wane bakin?" Ta ɗago ta kafe ta da ido. "Ki ji nan. In wani abu ne a wajen aikinku, ki tuna mutumin nan ya sayar da kekensa shekarar da za ki shiga jami'a. Ban ce ki rufa wa ɓarna asiri ba. Na ce dai ki tuna."

Maganar ba ta kwantar mata da hankali ba, ƙara dagula shi ta yi. Ashe har Mama ma ba ta da tabbas.

Ranar Laraba ta yi abin da har yau in ta tuna sai ta runtse ido. Ta aiki Kawu can ƙarshen filin sola ya duba wani famfo da ta san lafiyarsa lau, ta karɓi mukullin ajiya a wajen mai gadi, ta buɗe akwatin kayansa. Buhun yana ciki. Ta zazzage. Tsintsiya guda an ɗaure ta tamau a kan doguwar sanda, gorar ruwa cike da ruwan sabulu, tsohon burushin fenti, guntun alli, da wasu ƙarafa shida da aka lanƙwasa da hannu aka huhhuda, kowanne da notinansa a ƙulle cikin leda. Ta jujjuya ƙarfe ɗaya. Na rataye jarka ne a ƙarƙashin wani abu, haka ta yanke. Ta mayar da komai, amma ba ta iya ɗaure bakin buhun irin ɗaurinsa ba.

Da ya dawo, ta hango shi ya buɗe akwatin, ya ɗan jima yana kallon buhun. Da za a tashi ya wuce ta gabanta ya ce, "Sai da safe, Injiniya," kamar kullum. Ita kuma ta ce a ranta, kun gani ko? Mai gaskiya ai da ya yi faɗa.

Alhamis ta zo da rana mai zafi, irin wadda kwanon rumfa ke ƙas-ƙas. Aka kaɗa ƙararrawar hutu, kowa ya nufi wajen cin abinci. Injiniya ta laɓe a bayan ɗakin injin matse iska, wanda ƙararsa ba ta barin ka ji ko tarin kanka. Can sai ga Kawu da buhunsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya shige lungu.

Ba ta bi bayansa ba. Ta zagaya ta ɗaya bakin, ta wajen famfon metanol, don ta kama shi hannu dumu-dumu. Amma ba kowa a wajen famfon. Ta leƙa lungun. Yana can ɗaya ƙarshen, kusa da tanki na uku, ya miƙa doguwar tsintsiyar nan a gabansa kamar makaho da sanda, yana tafiya taku ɗaya-ɗaya, yana yawo da ita sama da ƙasa a cikin iska. Ba shara yake yi ba. Ko ƙasa tsintsiyar ba ta taɓawa.

Sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai yana kallon wani ginshiƙi, inda fenti ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Ya fara ja da baya a hankali.

A ganinta ya hango ta ne zai gudu. Duk ɓacin ran kwana huɗu ya taso mata lokaci ɗaya, ta faɗa lungun da sauri.

"Kawu! Tsaya nan!"

Ya juyo. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kar ki matso! Koma!"

"Ba inda zan koma! Yau sai ka nuna mini abin da kake ɓoyewa. Ni za ka kunyata a wajen aikina? Ni da na tsaya maka?"

"Na ce ki tsaya!"

Ina! Ƙara sauri ma ta yi. Lungun fes yake, rana ta haske shi tar, babu komai tsakaninsu sai iska.

"Uwata!"

Ya yi tsalle guda gaba, tsoho da shi, ya cilla kan tsintsiyar tsakaninsu, daidai tsayin fuskarta. Tsintsiyar ta kama da wuta, fuu, a sarari, ba abin da ta taɓa. Tsinkayen suka nannaɗe suka yi ja, toka ta tashi. Tsakanin wutar da hancinta bai fi taku biyu ba. Sai a lokacin ta ji wani ɗumi kaɗan a goshi, ta kuma ga iskar wajen tana ɗan rawa kamar ta saman murhu.

Ta san abin a takarda, ta ma taɓa rubuta shi a jarrabawa: wutar haidirojin ba a ganinta da rana, ba hayaƙi, kuma ba ka jin zafinta sosai sai ka shiga cikinta. Sani a takarda daban, ganin tsintsiya ta cinye a gabanka daban.

"Jan maɓallin kashe inji yana bayanki," Kawu ya ce. "Da baya-baya za ki koma. Kar ki juya."

Ta koma da baya-baya har bayanta ya bugi akwatin da maɓallin ke jiki, ta lalubi maɓallin ta danna da tafin hannu. Injin matse iska ya mutu, bawulolin da ke tare iska a bututu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi kuka ta tsaya. Da ƙarar injin ta ɗauke sai ga wani siririn fito yana fitowa daga mahaɗin bututu a sama, dab da tanki na uku. Suka tsaya kowa a gefensa suna saurare, har iskar da ta rage a bututun ta ƙone, fiton ya yi ƙasa ya mutu.

Sannan idonta ya sauka kan ginshiƙin da ke kusa da ita. Hancin yana nan daidai gwiwarta, 'yar fitilarsa kore shar, hankalinsa kwance. Na gaba da shi ma kore. Duka shidan kore.

Gas ɗin girki nauyi gare shi. In ya zurare ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya taru a rami. Shekara takwas tana kafa hanci a gwiwa, har hannunta ya saba, ba ya ma tambayar kanta. Da aka kawo mata zanen rumfar nan, nan ta ɗiɗɗiga su duka shida, ta sa hannu. Haidirojin kuwa ya fi kowace iska rashin nauyi. Yana fita sama yake yi, ko sallama ba ya yi wa abin da ke ƙasa. Sati uku iskar tana tsiyaya ta saman kawunansu kafin ta kai tukunya, shi ya sa mai ya ragu. Babu ɓarawo. Ba a taɓa yin ɓarawo ba.

Kawu ya zagayo ya same ta a tsugune. Gashin hannunsa na dama ya ƙone.

"Lambobin nan na bango," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Allurar ma'aunin iskar tanki na uku ce. Da rana zafi yana ɗaga ta, sai a ga kamar lafiya. Shi ya sa nake dubawa da sassafe, lokaci ɗaya kullum. Tana sauka." Ya share gumi. "Mahaɗi ɗari da wani abu ne a rumfar nan. Ina bin su da kumfar sabulu, wanda na gama in sa masa alli. Saura na sama. Tsintsiyar kuwa wani tsohon maigidana ne ya koya mini, ya ce kada in kuskura in bi bututun iskar nan ban sa ta a gaba ba."

"Ƙarafan nan shida fa?"

"Na ɗaga hantunan ne sama. Na so in samo ɓular in toshe, ranar Asabar in mayar da su inda ya dace, shi ke nan. Ba wanda zai tambayi wa ya sa su a ƙasa."

Ta ɗago ta kalle shi. "Kawu, ka san da mutum ya bi ta nan da tuni ya ƙone? Mai shara tana bi ta nan! Sati biyu kana zargin iska tana fita ka yi shiru don kada a ga laifina?"

"Na yi wauta," ya ce. "Wannan kam na yi."

Kafin ta ce wani abu mutane sun cika bakin rumfa. Manaja ya ratso su, da farar takarda a aljihun rigarsa, a ninke. Ya kalli ƙonanniyar tsintsiya a ƙasa, ya kalli buhun, ya kalli Kawu.

"Wuta? A rumfar tankuna? Kai da tsintsiyar sata?"

"Mahaɗi ne ya ɓule, ranka ya daɗe," Kawu ya ce. "Iskar ce ta kama."

"To me ya hana jiniya tashi tun farko? Wa ya taɓa hantunan?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Bututu aikina ne. Ni ya kamata in gani tun da wuri."

Mai gadi ya gyaɗa kai kamar wanda mafarkinsa ya tabbata. Hannun Manaja ya tafi aljihu. Injiniya ta ga hanyar a buɗe a gabanta, shimfiɗaɗɗiya: ta yi shiru kawai. Tsohon ya riga ya saba da irin wannan takarda. Zai karɓa, ya koma gyaran famfo gida-gida, dangi su sake lulluɓewa, ita kuma shekarunta takwas ba tartsatsi su zauna lafiya. Wallahi sai da ta yi tunanin. Numfashi biyu ta yi tana tunanin, kuma wannan ma ba ta taɓa yafe wa kanta ba.

"Ba wanda ya taɓa su," ta ce. Ta sake da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Ba wanda ya taɓa su. Inda na ce a sa su nan suke, kuma wurin ba daidai ba ne. Na kafa su kamar na gas ɗin girki. Sa hannuna yana kan zanen. Mutumin nan ya gaya mini tun satinsa na farko, a gaban rabin mutanen da ke tsaye nan, na ce masa ya ɗaure abin da aka ce ya ɗaure. Ba a saci ko cokali ɗaya na mai ba. Iskar ce ke gudu. Da bai sa tsintsiyar nan ba, da yanzu ba ni ce ke magana ba."

Wanda ya yi dariyar "Uwata" wata biyar da suka wuce yana nan tsaye, ya sa ido a kan takalminsa. Mai shara ce ta fara magana, ta ce in dai don wannan ne a ba shi tsintsiya goma, amma a riƙa tambayarta.

Manaja ya jima hannunsa a aljihu. Da ya fito da shi ba takarda.

Ba a tashi lafiya ba dai. An rufe masana'antar sati biyu. Kawu ya sha takardar gargaɗi kan shirun da ya yi, ya karɓa bai yi musu ba. Injiniya kuwa aka ɗauke ta daga rumfar tankuna aka mayar da ita filin sola, inda babban aikin shi ne a tabbata an goge ƙura. Ta roƙi abu ɗaya kafin ta miƙa mukullai: a bar ta ta ɗaga hantunan da hannunta. Wanda aka kawo ya gaje ta ya duba ƙarafan Kawu, ya jinjina, ya ce su za a yi amfani da su.

Ranar Asabar da hantsi tana saman tsani, can ƙarƙashin ƙololuwar kwano, Kawu yana riƙe da tsanin yana miƙa mata noti. Sun ɗaura biyar ba wanda ya ce wa wani komai sai "miƙo" da "ungo". A na shida ta tsaya, sifana a hannu, ba ta kalli ƙasa ba.

"Kawu, na buɗe maka buhu."

"Na gani. Ba ki iya ɗauri ba."

"Ka yafe mini."

"Ƙara matse wancan, bai zauna ba."

Ta matse.

"Wancan na ma'ajiyar man fa? Ba kai ba ne, ko?"

Ta ji tsanin ya ɗan motsa a hannunsa, sannan ya tsaya.

"Shekara goma sha tara," ya ce. "Ke ce ta farko a gidanmu da ta tambaya." Ya gyara riƙon tsanin. "Ba ni ba ne. Tankin ƙasa ne ya tsage, man yana tsiyaya cikin ƙasa."

"To me ya sa ba ka faɗa wa masu ma'ajiyar ba?"

"Na faɗa musu, Uwata. Kamar dai yadda na faɗa miki zancen hantunan nan."

Ta kifa goshinta a kan ƙarfen tsani, hawaye yana ɗiga a kan hannunta. Bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce ta sauko ba. Ya dai ƙara riƙe tsanin da hannu biyu, ya jira ta gama, sannan ya miƙa mata noti na ƙarshe.